Shayin Ulong na Ƙasar Sin: Ƙaramar Wuta Ba Ta Rufa wa Ganye Asiri

Duk wanda ya zauna a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ya san ba a rasa ɗan murhun gawayi da butar shayi a ƙofar gida da la'asar. Ganyen nan da ake tafasawa sau uku, a zuba masa sukari, a yi ta ɗaga buta har kumfa ya hau bakin finjali, akasarinsa daga ƙasar Sin ake kawo shi. Amma ƙasar Sin tana da shayi iri-iri, wanda ke zuwa kasuwannin Nijar kuwa ɗaya ne daga ciki.

Akan samu ma'aikacin gwamnati da ya je ƙaro ilimi can, ko ɗan kasuwa da ya je sayayya, ya komo da ɗan gwangwani na tsaraba. In an buɗe sai a tarar da ƴan ƙananan ƙunshi, a cikin kowane akwai ganye kore shar, a dunƙule kamar ƙwayar wake. Sai a ba yaro ya dafa yadda aka saba, ya tafasa shi sosai, ya cika sukari da na'ana'a. A ƙarshe masu sha su ce wannan shayi ba shi da ƙarfi, ko su ce ɗanɗanon ciyawa gare shi. Alhali kuwa mai yiwuwa ne abin da aka tafasa ya ninka shayin kasuwa kuɗi sau da yawa. Sunansa ulong, irin wanda aka yi wa gashi kaɗan.

Wannan shayi yana da wani hali da ya raba shi da ƴan'uwansa. Da yake wuta ba ta daɗe a kansa ba, duk abin da dutse, da ƙasa, da ruwan sama, da hannun manomi suka zuba cikin ganyen, mai kyau da maras kyau, yana fitowa fili a finjali. Saboda haka wanda ke son ya fahimci ɗanɗanonsa tilas ya san inda ya tsira da yadda aka yi aikinsa.

Itace ɗaya, shayi iri shida

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, shayin duniya duka daga itace guda yake fitowa, wanda masana ilimin tsirrai ke kira Camellia sinensis. Koren shayin da ake tafasawa a ƙofar gida, da baƙin shayin da masu tebur ke haɗawa da madara da burodi da safe, da ulong, duk ganyen wannan itace ne. Abin da ya raba su shi ne aikin da aka yi wa ganyen bayan an tsinko shi. Mutanen Sin, waɗanda ke noma kusan rabin shayin duniya, sun kasa nasu kashi shida: kore, da fari, da rawaya, da ulong, da ja, da baƙi. Wanda suke ce wa ja shi ne Turawa ke kira baƙin shayi.

Asirin wannan rabo yana cikin wani abu da kowane mai cin goro ya sani. In aka fasa farin goro aka ajiye shi, ba a daɗewa sai wurin da aka fasa ya yi ja, domin iska ta shiga jikinsa. To, haka ganyen shayi yake: in aka murje shi aka bar shi ya sha iska, sai ya rine, ɗanɗanonsa kuma ya canza. Mai yin koren shayi yana gaggawar sa wa ganye zafi tun yana ɗanye, don ya hana shi rinewa. Mai yin jan shayi yana barinsa ya rine sarai. Shi kuwa mai yin ulong tsakiya yake bi, ya bar ganye ya soma rinewa, sa'an nan ya tsayar da shi daidai inda yake so. Wani ulong rinewarsa ba ta wuce kashi 15 ko 20 cikin ɗari ba, wani kuwa takan kai kashi 70. Shi ya sa masu sana'ar ke lissafa aikinsa cikin mafi wuya a duk ayyukan shayi.

Ma'anar kalmar ulong ita ce baƙin dodo, wato ƙaton macijin nan mai ƙafafu na tatsuniyoyin Sin. Wasu sun ce an ba shi sunan ne saboda ganyen irin na dā baƙi ne, dogo, a murɗe. Ulong bai wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na shayin da ake yi a Sin ba, kuma wurare uku ne suka yi suna da shi: lardin Fujiyan, da lardin Gwandong, da tsibirin Taiwan. Dukansu suna kudu maso gabas, a bakin teku.

Anshi, gidan Tiyegwanyin

Cikin ulong mai gashi kaɗan babu wanda ya kai Tiyegwanyin suna, gidansa kuwa shi ne gundumar Anshi, a kudancin lardin Fujiyan, bayan tashoshin jiragen ruwa na Cuwanjo da Shiyamen. Mutanen wannan yanki "te" suke ce wa shayi da harshensu. Fataken Holan ne suka kai wannan kalma Turai, daga nan Faransawa suka sami tasu. A galibin sauran ƙasar Sin "ca" ake cewa, ita ce ta bi ta ƙasar Farisa ta shiga Larabci, har ta iso Hausa a matsayin shayi.

Faɗin Anshi ya kai kamar kilomita murabba'i 3.000, mutanenta kimanin miliyan ɗaya, kusan duk ƙasar kuwa duwatsu ce da kwaruruka. Dutse mafi tsawo ya kai mita 1.600. Ruwan sama da ke zuba a shekara yakan kama daga milimita 1.600 zuwa 2.000, alhali abin da ake samu a Yamai ko Maraɗi bai cika wuce 500 zuwa 600 ba. Da safe hazo yakan lulluɓe gonaki, amma hazon can na raɓa ne da gajimare, babu ƙura cikinsa. Ƙasar ja ce, irin wadda masana aikin gona ke cewa tana da tsami, ita ce itacen shayi ke so, domin ba ya jure ƙasa mai kanwa ko mai riƙe ruwa. Waɗannan dalilai ne suka sa ba a noma shayi a Nijar duk da yawan masu shansa.

Manoman Anshi sun raba ƙasarsu biyu: ta waje, mai kwari da zafi, da ta ciki, mai tudu da sanyi. Shayi mafi daraja daga ta ciki yake fitowa, daga garuruwa irin su Shiping, da Gande, da Shiyanhuwa, inda gonaki da yawa ke bisa mita 600 zuwa 1.000. An yanka gefen duwatsu hawa-hawa kamar matakala, a kowane hawa an jera itatuwan shayi, waɗanda ake datsewa don kada su gagari mai tsinka. A irin wannan tudu rana tana da ɗumi, dare yana da sanyi, gajimare kuma yana tare zafin rana. Saboda haka ganye yakan girma a hankali, ya yi kauri, ɗacinsa ya ragu, abubuwan da ke ba shi zaƙi da ƙamshi su taru.

Tiyegwanyin sunan shayin ne, kuma sunan irin itacen ne. Ma'anarsa Gwanyin ta ƙarfe. Gwanyin wata ce da mabiya addinin Budda ke girmamawa a Sin, ƙarfe kuwa saboda nauyin ganyen in an dunƙule shi. Mutanen Shiping suna ba da labari biyu game da asalinsa. Na ɗaya ya ce wani manomi mai suna Wai Yin ne aka nuna wa itacen cikin mafarki, ya je ya same shi a tsagin dutse wajen shekarar 1725. Na biyu ya ce wani malami mai suna Wang Shiran ne ya tsince shi a 1736, har aka kai shayinsa fadar sarki Ciyanlong. Ko wanne aka ɗauka, labaran biyu sun haɗu a kan garin Shiping da farkon ƙarni na 18.

Ba a shuka Tiyegwanyin da ƙwaya, domin abin da ya tsira daga ƙwaya ba ya ɗauko halin uwarsa sosai. Ɗan reshe ake yanka mai ganye ɗaya, a kafa shi a ƙasa har ya yi saiwa, kamar yadda ake dashen rogo. Ta haka itacen da ke gonar yau yake zama jini ɗaya da na dā. Itace ne mai wuyar sha'ani, ba ya ba da ganye da yawa, har manoma kan ce yana da daɗin sha amma ba shi da daɗin noma.

Daga gona zuwa ƙunshi

Ana tsinkar ganye sau huɗu ko biyar a shekara, amma biyu ne ake ji da su: tsinkar ƙarshen watan Afrilu zuwa farkon Mayu, bayan sanyi ya wuce, da ta farkon watan Oktoba, lokacin kaka. Mai yin koren shayi toho yake nema. Mai yin ulong kuwa yakan jira har toho ya buɗe, sa'an nan a tsinko ganye biyu zuwa huɗu tare da karansu. An fi son wanda aka tsinka daga hantsi zuwa la'asar a ranar da gari ya yi wasai, domin ganyen da ruwa ya daka ba ya yin ƙamshi.

Da la'asar sakaliya akan shanya ganyen a rana na ɗan lokaci har ya yi laushi, sa'an nan a shigar da shi ɗaki a baza a kan faifan gora. Daga nan aiki mafi muhimmanci yake farawa, wato girgiza. Akan zuba ganyen cikin wata doguwar ganga ta saƙar gora, a juya ta, ganye ya dinga gogar juna har bakinsa ya ƙuje. Sai a fitar a baza ya huta, a sake mayarwa, sau uku ko huɗu cikin dare. Binciken masana ya nuna cewa wannan rauni da ake yi wa ganye tun yana da rai shi ne ke sa ya fitar da sinadaran ƙamshi, har da irin waɗanda ake samu a furen yasmin. Wato ƙamshin fure da ake ji a ulong na ainihi ba zuba shi ake yi ba, daga jikin ganyen yake.

Babu agogon da ke gaya wa mai aiki lokacin tsayawa. Da hanci, da ido, da tafin hannu yake ganewa, kuma abin yana canzawa bisa ga iskar daren. In ya yi gaggawa shayi ya fito da warin ɗanyen ganye, in ya makara ƙamshi ya wuce. Mutanen dā suna da alama: ganye kore, bakinsa ja. In an kai nan sai a zuba shi cikin ganga ta ƙarfe mai juyawa, wadda zafinta ya wuce digiri 200, na ƴan mintoci, don rinewa ta tsaya.

Bayan haka akan ƙunshe ganyen cikin ƙyalle, a matse shi tam har ya zama dunƙule kamar ƙwarya, a murza, a kwance, a ɗumama, a sake ƙunshewa, haka sau da yawa, har kowane ganye ya naɗe kamar ƙwayar wake. A dā da hannu da ƙafa ake wannan aiki, daga baya injuna suka ɗauke mafi yawansa. Sai a busar, sa'an nan a zauna a tsince karare ɗaya bayan ɗaya. Akan bukaci ɗanyen ganye kilo huɗu zuwa biyar kafin a sami kilo ɗaya na busasshe, kuma tsince karare yana ƙara rage shi.

Babbar wuta da ƙaramar wuta

Matakin ƙarshe shi ne gashi. Duk wadda ta taɓa suyar gujiya ta san cewa wuta tana canza ɗanɗano: ɗanya daban, wadda aka ɗan taɓa da wuta daban, wadda ta soyu sosai daban. Bisa al'adar Anshi ta dā, akan gasa Tiyegwanyin sa'o'i masu yawa a kwandon gora bisa garwashin gawayi da aka rufe da toka. Irin wannan yakan fito ruwan ƙasa, ruwansa kamar zuma, da ƙamshin soyayyen hatsi da ƙonannen sukari. Yana jure ajiya da doguwar tafiya, shi ya sa shi ne fataken Shiyamen suka riƙa kai wa ƴan Sin mazauna Singafo, da Malesiya, da Tailan.

A shekarun 1990 abin ya canza. Masu shayi daga Taiwan sun shigo Fujiyan da injuna da dabarunsu na yin ulong mai haske, mutanen Anshi kuma suka koya. Aka rage girgiza, aka sa na'urar sanyaya ɗaki don ganye ya kwana cikin sanyi, aka riƙa kakkaɓe jan bakin ganye don ruwa ya fito garau, gashi kuma ya koma ɗan busarwa a ƙaramar wuta. Wannan sabon iri ana kiransa cingshiyang, wato ƙamshi mai tsabta, na dā kuwa nongshiyang, wato ƙamshi mai kauri. Tsakaninsu akwai wanda ake ɗan gasawa kaɗan, don a kashe ɗanyantaka ba tare da an kashe ƙamshin fure ba.

A nan ne maganar take. Babbar wuta a hannun gwani tana ƙara wa ganye mai kyau daraja, amma a hannun mai ha'inci tana iya rufe aibi, domin ƙamshin gashi yakan danne ganyen kwari, ko na lokacin zafi, ko wanda ya kwana biyu. Ƙaramar wuta ba ta da wannan iko. In gona ta sha takin zamani fiye da kima, ruwan shayin yakan fito salam. In an tsinka cikin ruwa, ƙamshi yakan yi rauni. In mai girgiza ya yi gyangyaɗi, harshe zai ji.

Abin da hanci da harshe ke ji

Tiyegwanyin mai kyau, in an jefa ƙwayarsa cikin kofin tangaran, takan yi ƙara saboda nauyinta. In aka zuba ruwan zafi sai ta warware sannu a hankali ta koma cikakken ganye mai kauri, har ya cika kofin. Ruwansa rawaya ne mai haske, da ɗan kore-kore, ana ganin gindin finjali.

Ƙamshi ne ke fara isowa. Mutanen Sin suna kamanta shi da na furen orkide. Wanda bai san wannan fure ba sai ya tuna da ƙamshin furen lemu da sassafe, ko na furen lalle da daddare, amma mai sanyi, wanda ba ya hawa kai. A baki yana da santsi kamar an ɗiga masa madara, ɗacinsa kaɗan ne ƙwarai, wani lokaci da ɗan tsami-tsami na ɗanyen ɗan itace. Wanda aka ɗan ƙara wa wuta kuwa yakan zo da ƙamshin man shanu ko na sabon hatsi a bayan na fure. Bayan an haɗiye, sai wani zaƙi ya taso daga maƙogwaro, miyau ya tsinke, ko da yake ba a sa sukari ba. Wannan zaƙi mai komowa, tare da ƙamshin da ke daɗewa a numfashi, shi ne mashaya ke kira amon Gwanyin, kuma da shi ake gane na ainihi.

Lokacin tsinka ma yana da nasa tasiri. Mutanen Anshi suna da magana cewa na bazara don ruwa, na kaka don ƙamshi. Wato ganyen Afrilu da Mayu, wanda itace ya huta duk lokacin sanyi kafin ya fitar, ruwansa ya fi kauri da daɗi a baki, na Oktoba kuwa, da aka yi cikin busasshiyar iska, ya fi tashin ƙamshi. Na tsakiyar zafi ya fi ɗaci, shi ne mai araha.

Ba kowa ne ya yi na'am da sabon irin ba. Dattawa da yawa a Fujiyan suna cewa yana damun ciki in an sha shi da yunwa, kuma ƙamshinsa ya fi jikinsa. Matasa da mutanen biranen arewacin Sin kuwa shi ne ya fara jawo su ga ulong.

Sauran duwatsun ulong

A arewacin Fujiyan akwai duwatsun Wuyi, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Shayin can a tsakanin manyan duwatsu yake tsirowa, ba a dunƙule shi, kuma yawancinsa babbar wuta ake ba shi, a gasa, a bar shi ya huta makonni, a sake gasawa. Mafi suna shi ne Da Hong Pawo, wanda tsofaffin itatuwansa guda shida ke manne a gefen wani dutse, an kuma hana tsinkarsu tun 2006. Ko a Wuyi akan yi mai ƙaramar wuta, amma a ƙarƙashin ƙamshinsa akan ji wani ɗanɗano kamar na ruwan da ya kwana a tulu, wanda suke kira amon dutse.

A lardin Gwandong, kusa da birnin Cawojo, akwai dutsen Fenhuwan, inda ake barin itacen shayi ya yi tsawo har sai an hau tsani, wasu itatuwan sun shekara ɗaruruwa. Shayinsu ana kiransa Dantsong, kowane iri da ƙamshin da aka san shi da shi, wani na zuma, wani na furen citta. Akwai ɗaya mai ƙamshi ƙwarai da ake ce wa kashin agwagwa. Labarin da ake bayarwa shi ne mai gonar ne ya laƙaba masa mummunan suna don kada maƙwabta su sace masa reshe.

Shi kuwa tsibirin Taiwan, daga Fujiyan ya sami irin shayi da sana'ar. Wani ɗan kasuwa ɗan Skotlan mai suna John Dodd ya shigo da dashe daga Anshi, kuma a 1869 ya aika da ulong na tsibirin zuwa Niyu Yok. Daga baya manoman Taiwan suka hau da gonakinsu bisa duwatsu irin su Alishan da Lishan, daga mita 1.000 har sama da 2.000, inda suke yin ulong mai haske, mai santsi ƙwarai. A 1981 masu bincikensu suka fitar da wani iri mai suna Jin Shuwan, wanda ke da ɗan ƙamshin madara na halitta. Sai dai mai saye ya lura, in ƙamshin madara ya bugi hanci da ƙarfi tun ganye yana busasshe, kuma ya ɓace bayan jiƙo na biyu, to, turare aka fesa masa.

Kwaɗayi mabuɗin wahala

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2010, Tiyegwanyin mai ƙamshi ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba. Kantunansa suka cika biranen Sin, kuɗi ya shiga ƙauyukan Anshi, wadda a dā ake lissafa ta cikin gundumomi matalauta. Amma riba ta jawo garaje. Aka sare dazuzzuka a kan duwatsu, aka mai da gonakin shinkafa na kwari suka zama na shayi, aka yawaita takin zamani da maganin ƙwari. Ruwan sama ya soma kwashe ƙasa daga gangare. Manoman wasu gundumomi kuma suka dasa irin suna sayarwa da sunan Anshi. A 2012 ƙungiyar Greenpeace ta fitar da rahoto cewa ta sami ragowar maganin ƙwari a shayin wasu manyan kamfanonin Sin, har da Tiyegwanyin. Masu sha da yawa suka juya ga wasu irin shayi, farashi ya faɗi.

Da yake ƙaramar wuta ba ta rufa asiri, gyara ya zama tilas a fara shi daga gona. Hukumomin gundumar sun tsananta doka kan maganin ƙwari, sun sa a riƙa rubuta gonar da kowane shayi ya fito. An koma ga dabarun iyaye da kakanni: a bar kurmi a ƙoƙuwar dutse, a dasa itatuwan inuwa cikin gona, a bar ciyawa ta riƙe gefen kowane hawa, a shuka waken soya tsakanin layuka don ƙasa ta farfaɗo. Masu aiki da yawa kuma sun komo ga girgiza cikakkiya da gashi matsakaici. A watan Maris na 2021 wata yarjejeniya ta fara aiki tsakanin Sin da Tarayyar Turai, wadda ta hana a sa sunan Tiyegwanyin na Anshi ga shayin da ba can ya fito ba. A 2022 hukumar FAO ta sa tsarin noman shayin Anshi cikin gadon aikin gona mai muhimmanci ga duniya, a watan Nuwamba na wannan shekara kuma UNESCO ta karɓi sana'ar yin shayi ta gargajiyar Sin cikin al'adun da ya wajaba a kiyaye.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga mutanen Nijar. Albasar Galmi da kilishin Nijar su ma an yi wa sunansu rajista a hukumar OAPI don irin wannan dalili. Suna yakan ɗauki shekaru ɗari kafin ya kafu, amma ƴan shekaru na ha'inci sun isa su zubar da shi.

Yadda ake haɗa shi da yadda ake ajiye shi

Wanda aka kawo wa tsarabar wannan shayi, ga yadda masu shi ke yi. Ba a ɗora ulong a wuta. Akan ɗauki ƙunshi ɗaya, wanda yawanci giram 7 ko 8 ne, a zuba cikin ƙaramin kofin tangaran mai murfi, ko ƙaramar buta mai tsabta wadda ba ta da warin na'ana'a. A tafasa ruwa mai daɗi daban, a zuba a kan ganye, a zubar da wannan na fari nan da nan, domin wanki ne da tayar da ganye. A sake zubawa, a rufe kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, a tsiyaye duka cikin finjalai, kada a bar ruwa ya kwanta a kan ganye. Kowane jiƙo na gaba a ɗan ƙara lokaci. Ba a sa sukari. Mai kyau yakan kai jiƙo bakwai bai rasa ƙamshi ba, na biyu da na uku su ne suka fi daɗi. Kafin a kurɓa, a shinshina cikin murfin, domin a nan ƙamshi yake taruwa.

Ajiya kuwa ita ce babbar matsala a ƙasa mai zafi. Ulong mai gashi kaɗan ba ya jure zafi, ko haske, ko iska, ko warin abinci. Shi ya sa ake ƙunshe shi kaɗan-kaɗan a zuƙe iskar da ke ciki, a Sin ma cikin firigo ake ajiye shi. In aka bar shi a kanta cikin zafin watan Afrilu na Tawa ko Damagaram, ƴan makonni sun isa ƙamshinsa ya tafi, korensa ya koma ruwan ƙasa. Wanda ba shi da firigo sai ya nemi wuri mafi sanyi a ɗaki, nesa da yaji da turare, kuma ya shanye shi da wuri, kada ya ce zai ajiye wa baƙon salla. In kuma zai saya da kansa a can, ya tambayi gundumar da ya fito da watan da aka tsinke shi, ya nemi a jiƙa masa ya ɗanɗana kafin ya biya, domin haka al'adar kantunan shayi take a Fujiyan.

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Shayin ƙofar gida yana da nasa matsayi, da gawayinsa, da kumfansa, da hirarsa. Shi kuwa ulong mai ƙaramar wuta labarin dutsen da ya haife shi yake kawowa, kuma ba a jin labarin sai an kawar da sukari, an sauke buta daga wuta, an ba ganye lokaci ya warware.